Tambayoyi da Amsoshi kan Riƙon Yara, Zargin Tsafi da Ƙyamar Mabiya Wicca a Birtaniya da Amurka

Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye da malaman makaranta da ma'aikatan walwalar jama'a suka fi maimaitawa duk lokacin da maganar tsafi ta shiga shari'ar riƙon yaro a Birtaniya ko Amurka. Bayani ne na gaba ɗaya. Wanda shari'a ke kansa sai ya nemi lauyan da ya san dokar inda yake zaune, domin dokar Ingila daban take da ta Sikotland, haka kuma kowace jiha a Amurka da tata dokar.

1. Waɗanne irin shari'o'i ake nufi?

Iri biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko shi ne inda hukuma da kanta, wato sashen kula da yara na ƙaramar hukuma ko na jiha, take ɗauke yaro daga hannun iyayensa bisa zargin cewa ana cin zarafinsa a wajen wani bikin tsafi ko bautar Shaiɗan. Irin wannan ya yi ƙamari daga farkon shekarun 1980 zuwa tsakiyar shekarun 1990. Na biyu shi ne rigimar riƙo tsakanin uwa da uba bayan mutuwar aure, inda ɗaya yake kafa hujja da addinin ɗayan don a hana shi yaron. A nan ne sunan Wicca ya fi fitowa. An yi bayanin na farko a amsoshi na 4 zuwa 8 da ta 10, na biyu kuma a amsa ta 11.

2. Mece ce Wicca, kuma su wa ke bin ta?

Wicca ƙaramin addini ne da ya bayyana a Ingila a tsakiyar ƙarni na 20. Wanda ya fito da shi fili shi ne Gerald Gardner, tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka a Malaya, wanda ya rasu a 1964. Bayan da majalisar dokoki ta soke tsohuwar dokar maita ta 1735 a shekarar 1951, Gardner ya wallafa littafinsa Witchcraft Today a 1954, inda ya ce ragowar wani daɗaɗɗen addinin Turai ne ya tarar da shi a ɓoye. Masana tarihi, musamman Ronald Hutton na Jami'ar Bristol, sun nuna cewa akasarin abin haɗin zamani ne daga littattafan sihiri da al'adun ƙungiyoyin asiri na Turawa da tatsuniyoyin gargajiya. A farkon shekarun 1960 addinin ya ƙetara zuwa Amurka, inda ya fi yaɗuwa.

Mabiyan suna bauta wa abin bauta mace da kuma namiji mai ƙaho, suna da bukukuwa takwas a shekara da ke bin sauyin yanayi, suna kuma taruwa idan wata ya cika. Wasu suna cikin ƙananan rukunoni da bisa al'ada ba sa wuce mutum 13, da yawa kuma su kaɗai suke ibadarsu a gida. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales, kimanin mutum 13,000 ne suka rubuta Wicca a matsayin addininsu, kimanin 74,000 kuma suka rubuta Pagan, sunan da ya tattaro mabiya farfaɗaɗɗun addinan gargajiyar Turai.

3. Shin ba bautar Shaiɗan ba ce aka sake wa suna?

A aƙidar Wicca babu Shaiɗan ko kaɗan, ba a matsayin abin bauta ba, ba kuma a matsayin abokin gaba ba. Cocin Shaiɗan da Anton LaVey ya kafa a San Francisco a 1966 ƙungiya ce dabam, ba su haɗa asali ko aƙida ba. Abin da ke sa a yi musu kuɗin goro shi ne kamannin waje: abin bauta mai ƙaho, tauraro mai tsini biyar, kyandirori, wuƙar ibada mai baƙar ƙota wadda ba a yanka komai da ita, da kuma cewa mabiyan da bakinsu suke kiran kansu mayu. Amma ba maitar kama kurwa da Bahaushe ya sani suke nufi ba. Suna nufin addu'o'i da surkullen neman lafiya ko sa'a.

Musulmi ko Kirista yana da damar cewa wannan ɓata ne, kuma babu dokar da ta hana shi faɗa. Sai dai hukuncin aƙida daban, tuhumar laifi daban. Abin da ke faruwa idan aka gwama su an gan shi a West Memphis ta jihar Arkansas, inda aka kashe yara uku a 1993, aka kuma kama matasa uku. A shari'ar 1994 masu gabatar da ƙara sun kafa hujja da baƙaƙen tufafin ɗaya daga cikinsu, Damien Echols, da karance-karancensa kan Wicca don nuna cewa kisan na tsafi ne, aka yanke masa hukuncin kisa. An sako su ukun a 2011 bayan shekara 18 a tsare, bayan da gwajin ƙwayoyin halitta ya kasa danganta su da wurin da aka yi kisan.

4. Daga ina firgicin tsafin ya samo asali?

Akan ɗora mafarinsa a kan littafin Michelle Remembers na 1980, wanda wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Lawrence Pazder, ya rubuta tare da majinyaciyarsa. Littafin ya ce a zaman jinya ne matar ta tuno da azabar da wata ƙungiyar bautar Shaiɗan ta gana mata tana 'yar shekara biyar. Ba a taɓa samun shaidar da ta gaskata labarin ba, amma ya samu karɓuwa, aka riƙa gayyatar Pazder yana yi wa 'yan sanda da ma'aikatan jinya bita.

Shari'ar da ta sa abin ya game Amurka ita ce ta makarantar renon yara ta McMartin a Manhattan Beach, Kalifoniya. A 1983 wata uwa ta kai ƙarar wani malami, Ray Buckey. 'Yan sanda suka aika wa iyaye kimanin 200 wasiƙa suna neman su tambayi 'ya'yansu ko an yi lalata da su. Wata cibiya ta yi hira da yara kusan 400, labarai suka fara fitowa na ramuka a ƙarƙashin makarantar da yanka dabbobi da mutane masu tashi sama. An tuhumi mutum bakwai, a 1986 aka janye tuhumar biyar daga ciki saboda raunin shaida, aka rufe shari'ar a 1990 ba a samu ko mutum ɗaya da laifi ba, bayan an kashe kimanin dala miliyan 15, Buckey kuma ya yi shekara biyar a tsare yana jiran hukunci.

Ƙasar ta riga ta shirya wa irin wannan labari. Tun dokar tarayya ta 1974 aka ƙarfafa tilasta wa malamai da likitoci kai rahoton duk abin da suka yi zargi, mata da yawa sun fara fita aiki suna barin yara a gidajen reno cike da fargaba, wasu masu wa'azi kuma suna ta gargaɗi kan rundunar Shaiɗan. Zuwa ƙarshen shekarun 1980, tarurrukan bita da takardun da ke jera abin da aka kira alamomin cin zarafin tsafi sun kai maganar Birtaniya.

5. Me ya faru a Rochdale da Orkney?

A Rochdale, kusa da Manchester, a 1990 wani ƙaramin yaro ya riƙa ba malamansa labarin fatalwa. Daga wannan aka kai ga ɗauke yara kimanin 20 daga gidajensu a unguwar Langley, wasu da sammako. 'Yan sanda sun bincika ba su samu komai ba. A Maris 1991 alƙalin babbar kotu Douglas Brown ya yanke cewa babu hujjar tsafi, ya soki yadda aka yi hira da yaran, aka kuma danganta labaran yaron da finafinan ban tsoro da ya kalla a gida. Daraktan sashen walwalar jama'a ya yi murabus, amma wasu daga cikin yaran sun ci gaba da zama a hannun hukuma shekaru da dama.

Na tsibiran Orkney ya fi shahara. Da asubahin 27 ga Fabrairu 1991, 'yan sanda da ma'aikatan walwala suka dira gidaje huɗu a tsibirin South Ronaldsay da ke arewacin Sikotland, suka ɗauke yara tara masu shekara 8 zuwa 15, aka sa su a jirgin sama aka fitar da su daga tsibirin. Zargin ya fito ne daga hirar da aka yi da wasu yara uku na wani gida dabam, waɗanda mahaifinsu ya riga ya shiga kurkuku saboda cin zarafinsu na gaske. An ce ana taruwa da dare a wani tsohon ramin fasa dutse ana rawa da lalata, limamin cocin garin kuma shi ne shugaba. Har alkyabbar da yake sawa wajen jana'iza aka kwashe a matsayin shaida. Likitoci sun duba yaran tara ba su ga alamar lalata ba, yaran kuma suka dage cewa babu abin da aka yi musu. Bayan mako biyar, ranar 4 ga Afrilu, alƙali David Kelbie ya yi watsi da ƙarar, yana cewa an riƙa yi wa yaran tambayoyi ne don a sa su amsa abin da ake so, aka mayar da su gida a ranar.

Daga baya babbar kotu ta ce Kelbie ya yi gaggawar rufe ƙarar ba tare da sauraron shaidu ba, amma hukuma ba ta sake tayar da ita ba. Kwamitin bincike na Lord Clyde ya fitar da rahoto a Oktoba 1992 mai shawarwari 194. Ya ce ma'aikatan sun yi aiki da kyakkyawar niyya, amma sun yanke hukunci tun kafin su yi tunani, ba su kuma tsaya sun duba ko akwai wata hanya ban da ɗauke yaran ba. Rahoton ya yi tasiri a kan dokar yara ta Sikotland ta 1995.

6. Idan ba a yi abin ba, me ya sa yara suka faɗa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ɗaure wa mutane kai, kuma amsarta tana cikin faifan hirarrakin da aka naɗa. A shari'o'i da yawa yaron yakan fara da cewa babu abin da ya faru. Sai mai tambaya ya ƙi karɓar wannan amsa, ya maimaita tambayar a zama bayan zama, ya gaya masa cewa sauran yara sun riga sun tona asirin, ya yabe shi idan ya amsa, ya nuna ɓacin rai idan ya musa, ya miƙa masa 'yar tsana ya ce ya nuna abin da wataƙila aka yi. Yaro ɗan shekara huɗu yana son ya faranta wa babba rai, yana kuma son a ƙyale shi ya tafi. Bayan makonni, abin da ya fara faɗa don a rabu da shi yakan zame masa kamar abin da ya gani da idonsa, shi ya sa ba daidai ba ne a ce yaran maƙaryata ne.

Masana halayyar yara sun gwada wannan. A wani bincike da Michelle Leichtman da Stephen Ceci suka wallafa a 1995, wani baƙo da aka kira Sam Stone ya shiga aji na minti biyu, ya gaisa ya fita bai taɓa komai ba. Yaran da aka yi wa tambaya ba tare da jan ra'ayi ba kusan duk sun faɗi gaskiya. Amma a rukunin da aka riga aka gaya wa cewa Sam mai ɓarna ne, sannan aka yi musu tambayoyi masu sa magana a baki, kashi 72 cikin 100 na 'yan shekara uku zuwa huɗu sun ce ya yaga littafi ko ya ɓata 'yar tsana. A kan irin wannan hujja ce kotunan New Jersey suka dogara a shari'ar Kelly Michaels, malamar reno da aka yanke wa shekara 47 a 1988, aka rushe hukuncin a 1993.

Darasin da hukumomi suka ɗauka ya shiga ƙa'idojin aiki. Ingila ta fitar da jagorar hira da yara a 1992, ta sabunta ta a 2002: a naɗi hirar a bidiyo, a fara da buɗaɗɗiyar tambaya, a bar yaro ya ba da labari da bakinsa, a rage yawan zama. Wannan yana kare wanda aka zarga, yana kuma kare yaron da aka cuta da gaske, domin gurɓatacciyar hira takan rusa ƙara mai gaskiya a gaban kotu.

7. Me binciken hukumomi ya gano daga ƙarshe?

Manyan bincike uku sun zo da amsa ɗaya. Kenneth Lanning na hukumar FBI, wanda ya shafe shekaru yana bin irin waɗannan ƙararraki, ya rubuta a 1992 cewa bai samu shaidar wata ƙungiya da ke yanka jarirai da kashe mutane don Shaiɗan ba, babu gawa, babu wurin kisa. A 1994 wani bincike da Gail Goodman ta jagoranta da kuɗin gwamnatin Amurka ya tattara zarge-zarge fiye da 12,000 daga likitoci da 'yan sanda da ma'aikatan walwala, bai tabbatar da ko ɗaya na tsararriyar ƙungiyar bautar Shaiɗan mai lalata da yara ba. A shekarar kuma Farfesa Jean La Fontaine ta miƙa wa ma'aikatar lafiya ta Birtaniya rahoto kan ƙararraki 84; ba ta samu tsafin Shaiɗan a ko ɗaya ba, amma a guda uku ta tarar da mutanen da suka yi amfani da da'awar sihiri don yaudarar yara ko tsorata su. Ta kuma lura cewa da yawa daga cikin yaran sun fito ne daga gidajen da talauci da sakaci suka yi wa katutu, maganar Shaiɗan kuma ta ɗauke hankali daga wannan.

8. To, ke nan babu wani cin zarafin yara mai alaƙa da tsafi?

Akwai, kuma duk wanda ya ce babu ya wuce gona da iri. A Nottingham an ɗaure manya goma a 1989 saboda lalata da yaran danginsu. Laifin gaskiya ne, ƙarin labarin bautar Shaiɗan ne binciken haɗin gwiwa na 'yan sanda da ma'aikatan walwala ya kasa tabbatarwa. A Kidwelly ta Wales an samu Colin Batley da laifi a 2011, mutumin da ya kafa wa kansa 'yar ƙungiya yana karanta rubuce-rubucen Aleister Crowley, wani marubucin sihiri ɗan Ingila, don ya mallake mata da yara. A Cornwall an ɗaure maza biyu a 2012 da suka fake da bukukuwan gargajiya suna lalata da 'yan mata. Duk waɗannan an kama su ne da shaidar waɗanda aka cuta da aikin 'yan sanda na yau da kullum, kamar yadda ake kama fasto ko malami ko kocin wasa da ya fake da matsayinsa.

Akwai kuma wani nau'in da ya juya lamarin gaba ɗaya, inda yaron ne ake zargi da maita ko aljanu, a azabtar da shi da sunan ceto. Victoria Climbié, 'yar shekara takwas daga Kodebuwa, ta rasu a Landan a 2000 a hannun masu riƙonta da suka ce aljanu ne a jikinta, rahoton Lord Laming na 2003 kuma ya nuna sau nawa hukumomi suka gan ta suka kasa ɗauke ta. Kristy Bamu, ɗan shekara 15, an kashe shi a gabashin Landan ranar Kirsimeti ta 2010 bisa zargin maita. Gwamnatin Birtaniya ta fitar da shiri na musamman kan wannan a 2012. A Najeriya ma abin ya kai ga dokar kare haƙƙin yara ta jihar Akwa Ibom ta 2008 ta mayar da laƙaba wa yaro maita laifi.

9. Shin doka ta amince cewa Wicca addini ne?

A Amurka ta amince. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke haka a 1986 a shari'ar Dettmer da Landon, wadda wani fursuna a jihar Virginia ya shigar. An yi ta ƙoƙarin toshe wannan ta hanyar siyasa: a 1985 Sanata Jesse Helms ya nemi a hana ƙungiyoyin masu irin wannan addini sassaucin haraji, bai yi nasara ba, a 1999 ɗan majalisa Bob Barr ya nemi a hana sojoji mabiya Wicca ibada a barikin Fort Hood, bai yi nasara ba shi ma. A Afrilu 2007 ma'aikatar tsofaffin sojoji ta yarda a sa tauraron mai tsini biyar a kan kaburburan sojoji, bayan ƙarar da iyalai suka shigar, cikinsu har da matar Saja Patrick Stewart da aka kashe a Afganistan a 2005. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 da sashe na 9 na yarjejeniyar Turai kan haƙƙin ɗan Adam suna kare addini ko aƙida ba tare da jera sunayen waɗanda aka yarda da su ba.

10. Hukuma za ta iya ɗauke yaro don kawai iyayensa suna bin Wicca?

Bisa doka ba za ta iya ba. A Ingila da Wales, sashe na 31 na dokar yara ta 1989 ya ce kotu ba za ta miƙa wa hukuma riƙon yaro ba sai ta gamsu cewa yana fuskantar babbar cutarwa, ko akwai yiwuwar ya fuskance ta, kuma cutarwar daga irin kulawar da yake samu ta taso. 'Yan sanda suna iya riƙe yaro don kariya har sa'a 72. Umarnin gaggawa na kotu ba ya wuce kwana takwas, ana iya ƙara bakwai. Iyayen da hukuma ta kai ƙara irin wannan suna samun lauya kyauta ba tare da an duba abin hannunsu ba.

A Amurka kotun ƙoli ta yanke a 1982, a shari'ar Santosky da Kramer, cewa ba za a yanke haƙƙin iyaye har abada ba sai da hujja bayyananniya mai gamsarwa. Ita dai kotun ta ce tun 1944, a shari'ar Prince da Massachusetts, 'yancin addini bai ba iyaye damar jefa yaro cikin haɗari ba. Ma'aunin ke nan ta fuska biyu: addini ba ya zama laifi, ba ya kuma zama garkuwa ga mai laifi irin waɗanda aka ambata a amsa ta 8.

11. Idan rigimar tsakanin uwa da uba ce bayan saki fa?

A nan alƙali yana da faɗin hannu sosai, domin abin da yake aunawa shi ne maslahar yaro, kuma ta wannan ƙofa ƙyama takan shigo. Misalin da aka fi ambata daga Indiyana yake. A 2004 alƙali Cale Bradford na gundumar Marion ya sa a takardar sakin wasu ma'aurata cewa kada su kusantar da ɗansu ga aƙidu da ibadun da ba na gama-gari ba. Abin mamaki, uwar da uban duk mabiya Wicca ne, babu wanda ya nemi wannan sharaɗi; ya samo asali ne daga rahoton ofishin kotu da ya ce yaron zai rikice tunda makarantar Katolika yake zuwa. A Agusta 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta soke sharaɗin, tana cewa dokar Indiyana ta bar wa mai riƙo zaɓin tarbiyyar addini matuƙar ba a nuna cewa lafiyar yaro ko hankalinsa na cikin haɗari ba.

Ba kullum ake ƙarewa haka ba. A Arkansas a 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin da ya karɓe yaro daga wata uwa, ko da yake alƙalin farko ya ambaci Wicca cikin abubuwan da suka dame shi. Mafi rinjayen alƙalai sun ce akwai wasu dalilan da suka isa, marasa rinjaye suka ce addinin ne ya gurɓata hukuncin. Matsalar ke nan a aikace: idan alƙali ya jera dalilai huɗu, da wuya a tabbatar wanne ne ya fi nauyi a zuciyarsa.

Lauyoyi sukan kafa hujja da hukunci biyu. A shari'ar Palmore da Sidoti ta 1984, kotun ƙolin Amurka ta ce ba za a karɓe yarinya daga uwa farar fata don ta auri baƙar fata ba, ko da jama'a za su tsangwami yarinyar, domin doka ba ta aiki da ƙyamar mutane. A shari'ar Hoffmann da Ostiriya ta 1993, kotun Turai ta haƙƙin ɗan Adam ta ce hana wata uwa riƙon 'ya'yanta saboda tana cikin Shaidun Jehobah wariya ce. Iyaye Musulmi da ke zaune a waɗannan ƙasashe ya kamata su lura cewa wannan ƙa'idar ce dai take kare su ranar da tsohon miji ko tsohuwar mata za ta tsaya gaban alƙali ta ce azumi ko hijabi ko makarantar Islamiyya na cutar da yaro.

12. Me ya kamata iyaye su yi idan ma'aikacin walwala ya zo da irin wannan zargi?

Su nemi lauya tun ranar farko, su tambayi takamaiman abin da ake zargi, su rubuta ranar kowace ziyara da sunan wanda ya zo da abin da aka faɗa. Kada su sa hannu a takardar miƙa yaro da son rai kafin lauya ya karanta ta. Kada su koya wa yaro abin da zai ce, kada kuma su zauna suna tatsar sa da tambayoyi, saboda dalilan da aka bayyana a amsa ta 6. Ɓoye addini ko musanta shi yakan dawo ya cuci mai shi, domin ranar da aka gano ƙarya ɗaya, sauran maganarsa ta zube.

Abubuwan da ma'aikaci zai duba a gida su ne waɗanda zai duba a kowane gida: abinci, makaranta, asibiti, wurin kwana. Wuƙar ibada a kulle ta inda yaro ba zai kai ba, kyandir kada a bar shi yana ci babu babba. Wasu rukunonin Wicca suna ibada tsirara, amma tsakanin manya ne, kuma bisa al'ada ba sa shigar da wanda bai kai shekara 18 ba. Iyaye su kasance a shirye su bayyana a fili abin da yaro yake halarta da abin da ba ya halarta. Ƙungiyoyi irin su Pagan Federation a Birtaniya, wadda aka kafa a 1971, da Lady Liberty League a Amurka sukan taimaka da bayanin da za a ba hukuma ko kotu.

13. Ni maƙwabci ne ko malami, na ga abin da ya tayar mini da hankali. In yi shiru?

Kada ka yi shiru idan abin da ka gani ya shafi yaron: rauni a jiki, yunwa, tsoron wani babba, maganar lalata da ta fi ƙarfin shekarunsa, ko kuma ya ce a gida ana kiran sa maye. Ka kai rahoto, ka faɗi abin da idonka ya gani da abin da yaron ya faɗa da kalmominsa, ka bar tambayoyi ga waɗanda aka horar. Idan kuwa abin da ka gani tauraro ne a wuyan uwar, ko littattafai a kanta, ko taro a bayan gida daren da wata ya cika, wannan zato ne kawai, zato kuwa zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kamar yadda aka saba faɗa.

14. Zamanin wannan firgici ya wuce ke nan?

Ya lafa, bai mutu ba. A tsibirin Lewis na Sikotland an kama mutane a Oktoba 2003 bisa zargi mai kama da na Orkney, aka janye tuhumar a 2004. Rahoton masu sa ido na 2005 ya gano cewa an cuci yara ukun da maganar ta shafa da gaske, an kuma yi jinkirin ceto su. A Hampstead ta Landan, a 2014 wasu yara biyu suka bayyana a bidiyo suna zargin mahaifinsu da malamansu da cin naman jarirai. A Maris 2015 alƙaliya Pauffley ta yanke cewa labarin ba shi da tushe, uwar da saurayinta ne suka tilasta wa yaran da duka da matsin lamba, ana tsakiyar rigimar riƙo. Bidiyon ya riga ya bazu a intanet, aka yi ta bibiyar iyayen makarantar da barazana, har aka ɗaure wata mata shekara tara a 2019 saboda wannan.

15. Waɗanda aka zalunta sun samu diyya?

Wasu sun samu, bayan dogon jira. Iyalan Orkney huɗu sun karɓi neman gafara da diyya daga majalisar tsibiran a 1996. Fran da Dan Keller, masu gidan reno a Austin ta Teksas da aka ɗaure a 1992, sun fito a 2013 bayan likitan da ya ba da shaida a kansu ya ce ya yi kuskure. An wanke su a 2017, jihar ta biya su dala miliyan 3.4. John Stoll na gundumar Kern a Kalifoniya ya fito a 2004 bayan shekara 20, lokacin da huɗu daga cikin yaran da suka ba da shaida a kansa, waɗanda suka riga suka girma, suka dawo kotu suka ce sa su aka yi. Mutanen West Memphis da aka ambata a amsa ta 3 kuwa an sako su ne bisa wata yarjejeniya da ta bar hukuncin laifi a kansu alhali suna ci gaba da musanta shi, saboda haka jihar Arkansas ba ta biya su diyya ba.